Ɗumin Jariri A Daren Hunturu: Yadda Za Mu Zaɓi Buhun Barci Na Ulu

Wannan jawabi ne da ma'aikatan sashen lafiya suka yi wa iyaye a taron shirin shiga hunturu. Mun buga shi a nan domin a karanta wa waɗanda ba su sami zuwa ba, musamman a taron Zumuntar Mata.

Mun san wasu sun bar masussuka suka zo, saboda haka za mu shiga magana kai tsaye.

Iska ta fara juyawa. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu dare yakan yi sanyi ƙwarai. A kan tudun Jos, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,200, da wurare kamar Pankshin da Bokkos da tudun Mambila, sanyin asuba yakan sauka kusa da digiri 10. Ko a ƙasar Kano da Zariya yakan sauka ƙasa da digiri 15. Babba in ya ji ɗari sai ya ja bargo. In ya ji zafi sai ya yaye. Jariri ba ya iya ko ɗaya daga cikin biyun, mu ne hannunsa.

A dilolin gwanjo da kayan taimako da ke zuwa daga Turai akan sami wata rigar jarirai mai kama da buhu. Tana da wuya da kafar hannu, amma gindinta a ɗinke yake. Wasu sukan ɗaga su ajiye domin ba su san amfaninta ba, wasu kuma su farke gindin su mai da ita rigar yawo. Sunanta buhun barci. Yau za mu duba abin da take yi, yadda ake zaɓen mai kyau, musamman na ulu, da yadda za mu ɗinka namu idan ba mu samu a kasuwa ba.

Me ya sa jariri ke saurin yin sanyi?

Jikin jariri ƙarami ne, amma fatarsa tana da faɗi idan aka gwada da nauyinsa, kansa kuma babba ne. Kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa kaɗan ne. Babba in sanyi ya kama shi yakan yi makyarkyata, wannan rawar jiki kuwa ita ke samar masa da zafi. Sabon jariri ba ya iya yin haka sosai. Yana da wani kitse na musamman a bayan wuya da tsakanin kafaɗu, shi yake ƙonawa ya sami ɗumi. Ƙona shi yana cin sukarin jini da iskar numfashi. Shi ya sa jaririn da ya kwana cikin sanyi yakan yi laƙwas, ya kasa jan nono. In bai sha nono ba kuwa, ba shi da abin da zai ƙona, sai sanyin ya ƙaru.

Ta hanya huɗu zafi ke fita daga jikinsa. Na ɗaya, jiƙa: ruwan wanka, fitsari, ko gumi da ke bushewa a fata. Na biyu, taɓa abu mai sanyi, kamar daɓen siminti ko ledar shimfiɗa. Na uku, iskar da ke busowa ta ƙarƙashin ƙofa ko ta taga. Na huɗu, kwanciya kusa da bango mai sanyi ko ƙarƙashin rufin kwano marar silin, domin abu mai sanyi yana jan zafin jiki ko ba a taɓa shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri mai lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Daga 36.0 zuwa 36.4 sanyi ya fara shigarsa. Ƙasa da 36.0 abin damuwa ne, ƙasa da 32 kuwa ransa yana cikin haɗari. Hukumar ta kuma ce kada a yi wa sabon haihuwa wanka sai bayan awa 24. A share shi da busasshen tawul, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa. Bayan haka, a lokacin hunturu a riƙa yi masa wanka da rana ta ɗaga, a cikin ɗaki, da sauri.

Dabarun da muka saba, da abin da ke cikinsu

Babu uwar da ke son ɗanta ya ji sanyi. Amma garin neman gira akan rasa ido. Abubuwa uku da muke yi domin korar sanyi suna da nasu haɗarin.

Na farko shi ne tula wa jariri barguna da zannuwa. Yaro yana motsi cikin dare. Ko dai ya ture rufin da ƙafa ya kwana a buɗe har asuba, ko kuwa ya zame ƙarƙashinsa, bargo ya rufe masa hanci da baki. Jaririn wata biyu ba shi da ƙarfin yaye bargon manya daga fuskarsa.

Na biyu shi ne kaskon gawayi a cikin ɗaki, ko wuta a ƙarƙashin gado, a kuma rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana fita ko da garwashin ya daina hayaƙi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Babba yakan ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, jariri kuwa yana rigan kowa galabaita, kuma ba zai faɗa ba. Hayaƙin janareta ma haka yake, kada a kunna shi a ɗaki ko a gindin taga. Hayaƙin itace kuma yana ƙara wa yara haɗarin kamuwa da ciwon limoniya. A ji ɗumi a waje da yamma, a kashe wuta kafin a kwanta. Haka nan kada a sa kwalbar ruwan zafi ko dutse mai zafi a jikin jariri, fatarsa ba ta da kauri, nan da nan take ƙuna.

Na uku shi ne jibga masa kaya fiye da kima: singileti, riga, suwaita biyu, hula, safa, shawul, sannan bargo. Zafi fiye da kima yana kawo gumi da ƙuraje, kuma likitoci sun gano yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya da ke samun jarirai cikin barci. Wannan mutuwa ta fi aukuwa kafin yaro ya cika wata shida.

A kan wannan mutuwa akwai darasi daga ƙasashen waje. A da, a Turai da Amurka ana kwantar da jarirai rub da ciki. A 1987 likitoci a ƙasar Holan suka fara gaya wa iyaye su daina. Ingila ta bi a 1991, Amurka ta yi nata gangamin a 1994. A waɗannan ƙasashe yawan jariran da ke mutuwa haka ya ragu da fiye da rabi. Saboda haka, a kwantar da jariri rigingine a kowane barci, dare da rana. Mun san kakanni suna tsoron kada tumbuɗi ya shaƙe shi. In yaro yana rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, saboda haka nonon da ya dawo yakan koma hanyarsa. Rub da ciki ne ya fi haɗari.

Aikin buhun barci

Buhun barci bargo ne da ake sawa kamar riga. Yana rataye a kafaɗa, saboda haka ba ya hawa fuska, yaro kuma ba ya iya ture shi da ƙafa. Hannuwa da kai suna waje, ta nan zafin da ya yi yawa ke fita. Ƙafafu suna ciki suna motsi yadda suka ga dama. Uwa tana iya ɗaukar yaro ta ba shi nono cikin dare ba tare da ta fitar da shi cikin sanyi ba. Mutanen Holan sun daɗe suna amfani da shi, kuma wani bincike da aka buga a can a 1998 ya nuna mutuwar barci ta fi ƙaranci a cikin jariran da ke kwana cikin buhu.

Wani zai ce, ai muna naɗe jariri da zane. Naɗi yana da amfani a makonnin farko idan an yi shi daidai, ba a matse ƙirji ba, an kuma bar ƙafafu a sake. Amma da zarar yaro ya fara ƙoƙarin juyawa, yawanci wajen wata uku zuwa huɗu, wani lokaci ma kafin haka, dole a daina. Yaron da ya juya rub da ciki hannunsa a ɗaure ba zai iya ɗaga fuskarsa ba.

Me ya sa ake yabon ulu?

Ulu na gaske gashin tumaki ne. Tumakinmu na gida, Uda da Balami da 'Yankasa, gashinsu gajere ne mai tauri, ba a saƙa da shi. Wanda ake yi wa jarirai kaya da shi yawanci na tumakin da ake kira merino ne. Asalinsu daga ƙasar Sifen ne, amma yanzu an fi kiwonsu a Ostireliya, da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Silin gashinsu bai kai rabin kaurin gashin kan mutum ba, shi ya sa yake da laushi, ba ya sukar fata kamar tsofaffin barguna masu kaushi.

Gashin a murɗe yake, yana riƙe iska a tsakaninsa, wannan iska ce ke tsare ɗumi. Yana iya shan danshi har kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin a ji ya jiƙe. Wannan ya dace da darenmu na hunturu, inda ɗakin kwano yakan yi ɗumi da farkon dare, sannan ya koma kamar randa da asuba. Yaron da ya yi gumi da ƙarfe tara ba zai kwana cikin jiƙaƙƙen kaya da ƙarfe huɗu ba. Ulu kuma ba ya saurin kama wuta, in ya kama yakan mutu da kansa, ba ya narkewa ya manne a fata.

Sai dai mu lura. Yawancin zaren saƙa da muke kira ulu a kasuwanninmu zaren roba ne. Yana da ɗumi, amma ba ya shan gumi, kuma in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi. Ga yadda za a bambanta. A duba 'yar takardar da ke ɗinke a wuyan rigar ko a gefenta. Idan an rubuta "wool" ko "merino", ko "laine" a kayan Faransa, ko "Wolle" a kayan Jamus, ulu ne, kuma akan rubuta kashi nawa ne cikin 100. Idan an rubuta "acrylic" ko "polyester", roba ce. In babu takarda, a zare sili ɗaya daga cikin ɗinki, a fita waje a kunna masa ashana. Ulu yana ƙauri kamar babbakar kan akuya, ya mutu da kansa, ya bar toka mai murmushewa. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

1. Wuya. Wannan shi ne mafi muhimmanci. Bayan an rufe buhun, kada kan yaro ya iya wucewa ta wuyan. Yatsu biyu su shiga tsakanin wuyan yaro da rigar, kada ya wuce haka. A kama kafaɗar a ja sama: idan yadin ya kai baki ko hanci, buhun ya yi masa girma.

2. Kafar hannu. Kada ta yi faɗin da yaro zai iya mai da hannunsa ciki ya zame.

3. Tsawo. A auna yaro daga kafaɗa zuwa diddige, a ƙara kamar santimita 10, wato faɗin tafin hannu. Mun saba saya wa yaro kaya masu girma domin ya girma a ciki. A kan buhun barci kada a yi haka. Yawancin waɗanda aka rubuta musu wata 0 zuwa 6 an yi su ne domin yaron da ya kai kilo 4.

4. Faɗin gindi. Ƙafafu su iya buɗewa su lanƙwashe kamar na kwaɗo, yadda suke yi a goyo. Matse ƙafafu a miƙe yana iya ɓata gaɓar ƙugu.

5. Kada ya zama da hula a haɗe, ko igiya, ko duwatsun ado, ko maɓallin da ke lilo. Zif ya zama lafiyayye, kansa a rufe da yadi ko ya ƙare wajen ƙafa, domin kada ya karce haɓa.

6. Nauyi. Akwai buhunan da ake cusa wa wasu ƙwayoyi domin su yi nauyi, wai yaro ya daɗe yana barci. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta hana amfani da su a shawarwarinta na 2022. In kun ji nauyi a ƙirjin buhu, ku bar shi.

7. Laushi. Uwa ta goga yadin a wuyanta ko a cikin damtsenta. In ya soke ta, zai soki yaro. Buhun da aka yi wa shafi da auduga daga ciki ya fi.

8. Saƙa. Saƙar kwarashi mai manyan ramuka tana kama yatsun yaro, zare kuma yana iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu. A zaɓi saƙa mai matsi, a yanke duk zaren da ya fito.

Me za a sa masa a ciki?

A kan buhunan Ingila akan ga kalmar TOG da lamba. Ma'aunin ɗumin yadi ne. Mai 0.5 na ɗaki mai zafi ne, wajen digiri 24 zuwa sama. Mai 1.0 na digiri 20 zuwa 24 ne. Mai 2.5 na digiri 16 zuwa 20 ne, shi ne zai fi yi mana amfani a tsakiyar hunturu. Mai 3.5 na ɗakin da ya fi haka sanyi ne. Buhunan ulu da yawa ba su da wannan lamba, kuma yawancinmu ba mu da ma'auni a ɗaki. Saboda haka ga ƙa'ida mai sauƙi: jariri yana bukatar riga ɗaya ko biyu fiye da abin da ya ishi babba a wannan ɗakin. A daren sanyi, singiletin auduga, riga mai dogon hannu, safa, sannan buhu. Kada a ƙara bargo a kan buhu. In sanyi ya ƙaru, a ƙara riga daga ciki.

Hannun uwa shi ne ma'auni. A taɓa ƙirjin yaro ko bayan wuyansa, sannan a taɓa tafin ƙafarsa. In duka biyun da ɗumi, lafiya lau. In ƙirji da ɗumi amma ƙafa da sanyi, sanyi ya fara shigarsa, a ƙara masa kaya, a ba shi nono. In ƙirjin ma da sanyi, abin ya yi nisa. In kuwa wuyan ya jiƙe da gumi, fuska ta yi ja, a rage riga ɗaya. Yaron da ke da zazzaɓi kada a sa shi cikin buhu mai kauri.

Game da hula: sabon haihuwa da ƙaramin jariri suna bukatarta a ɗaki mai sanyi, amma ta zama daidai kansa, marar igiya, wadda ba za ta zamo kan fuska ba. Yaron da ya yi ƙwari, a ɗakin da ba sanyi sosai, a bar kansa a buɗe in zai yi barci. A canja nafkin da zarar ya jiƙe, domin babu ulun da zai ɗumama yaron da ke kwance cikin fitsari.

Bakwaini da ƙaramin jariri

Jaririn da aka haifa kafin lokaci, ko wanda bai kai kilo 2.5 ba, buhu ba zai ishe shi ba. Kaya suna tsare zafin da jiki ya samar ne kawai, shi kuwa ba ya iya samar da isasshe. Abin da yake bukata shi ne ƙirjin uwarsa. Ana kiran wannan dabara renon kangaru. Wani likita mai suna Edgar Rey Sanabria ne ya fara ta a 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya, saboda kwalaben sa jarirai sun yi wa asibitinsu kaɗan. Ana sa yaro da nafkin da hula da safa kawai, a tsaye tsakanin nonon uwa, fata da fata, kansa a juye gefe, fuskarsa a buɗe, a ɗaure shi da zane. Goyo ne, amma ta gaba.

A 2021 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Najeriya da Gana da Indiya da Malawi da Tanzaniya, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife. An ga cewa fara renon kangaru nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa fara shi nan da nan, a yi awa 8 zuwa 24 kowace rana. Da dare uwa takan kwanta a jingine, ba shame-shame ba. A koyi ɗaurin a asibiti kafin a koma gida. Iyayenmu maza, ƙirjinku ma yana da ɗumi. Ku karɓi yaro domin mai jego ta yi wanka, ta ci abinci, ta huta.

Wurin kwanciya

Shimfiɗa ta zama mai ƙarfi kuma a baje, babu filo, babu tsummoki kusa da fuska. Abin da likitoci suka fi so shi ne yaro ya kwana a ɗaki ɗaya da uwarsa amma a nasa gadon, aƙalla wata shida na farko. Mun san a gidaje da yawa gado ɗaya ne ko tabarma ɗaya. In haka ne, yaro ya kwanta gefen uwa cikin buhunsa, bargon manya kada ya hau kansa, kada kuma a sa shi tsakanin yayyensa. Wanda ya sha burukutu ko giya ko maganin sa barci, da mai shan taba, kada ya kwana shimfiɗa ɗaya da jariri. Kada a yi barci da jariri a kujerar kushin. A janye shimfiɗa daga jikin bango, a toshe inda iska ke busowa kanta.

Kada a naɗe gidan sauro don an ga sanyi, sauro ba ya ƙarewa, musamman kusa da fadama da lambu. A nisanta fitila da kyandir da maganin sauro na kunnawa daga gidan sauron.

Wanki da ajiya

Duk abin da ya fito daga gwanjo a wanke shi kafin ya taɓa jikin yaro. Ulu ba ya son ruwan zafi da cuɗa mai ƙarfi, zai tsuke ya yi tauri. A wanke da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da sabulu mai laushi, ban da bilic. A matse ruwan a hankali ba tare da murɗawa ba, a baje shi a inuwa. In an rataye shi da ruwa zai miƙe, wuyan ya buɗe. Yana jinkirin bushewa, saboda haka a wanke da safe, ko a tanadi biyu. Ba ya bukatar wanki kullum. In bai ɓaci ba, a shanya shi ya sha iska.

Asu yana cin ulu, shi ya sa mukan jefa kafur cikin akwati. Iyayenmu, muna roƙonku, kada kafur ya kusanci kayan jariri. Yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari na jini da likitoci ke kira G6PD. Irin wannan yaro in ya shaƙi kafur ko ya sa kayan da suka kwana da shi, ƙwayoyin jininsa sukan farfashe, ya kamu da shawara mai tsanani wadda za ta iya taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda wannan dalili kuma a guji shafa wa sabon jariri man zafi. Maganin asu shi ne a wanke kaya, su bushe sarai, a ƙulle cikin jaka, a riƙa fitowa da su suna shan iska.

In ba a samu a kasuwa ba

Kowane tela zai iya ɗinka buhun barci. A shimfiɗa rigar yaro a kan takarda, a zana wuya da kafaɗa, a ja tsawon zuwa ƙasa yana ƙara faɗi. Daga ciki a sa tsohon zanen auduga da ya sha wanki ya yi laushi. Daga waje a sa tsohuwar suwaitar manya ta ulu, ko yadin auduga mai kauri. Kada a cusa soso ko auduga a tsakani. A sa zif a gaba ko a gefe, a ɗinke gindi. Kafin yaro ya kwana a ciki, a yi masa gwajin wuya da muka faɗa, a kuma riƙa duba ɗinkin kowane mako.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro yakan fi ƙarfin buhunsa cikin 'yan watanni, alhali buhun bai tsufa ba. Zumuntar Mata za ta iya ɗinka guda shida ko goma masu girma daban-daban, a riƙa ba masu jego aro, a wanke a dawo da su.

Alamun da ba a jiran gari ya waye

In an tarar da jariri ya yi sanyi, a cire jiƙaƙƙen kaya, a sa shi fata da fata a ƙirji, a sa masa hula, a rufe su duka biyu, a ba shi nono. In bayan awa ɗaya bai yi ɗumi ba, a tafi asibiti, yana manne a ƙirjin har a isa. Sanyin jiki a jariri yana iya zama alamar cuta a jini, kamar yadda zazzaɓi yake.

A garzaya asibiti nan take idan jariri ya ƙi shan nono, ko yana jijjiga, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa sosai in ya ja iska, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ma'auni ya nuna ƙasa da digiri 35.5 ko sama da 37.5, ko jikinsa ya yi rawaya a ranar farko, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya.

'Yan'uwa, kafin sanyin Disamba ya kankama, kowane gida mai jariri ya duba shimfiɗarsa, ya fitar da kasko da kafur, ya tanadi buhu daidai wuyan yaron. Wanda ya ji, ya gaya wa maƙwabciyarsa, ya kuma gaya wa kaka, domin sau da yawa ita ce ke kwana da mai jego. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya kai kowa gida lafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ƙauyenmu, yaya ake ɗumama ɗakin mai jego? Wace hanya ce za mu ci gaba da ita, wace ce za mu bari?

2. Gidaje nawa ne a cikinmu ke da jaririn da bai kai wata shida ba, ko suke jiran haihuwa a wannan hunturu?

3. Wa ya iya ɗinki ko saƙa a cikinmu? Yaushe za mu zauna mu yanka buhu na farko?

4. In jariri ya yi rashin lafiya da tsakar dare, wa ke da abin hawa, kuma wane asibiti ne ya fi kusa?